Shekarar da Na Ƙi Sa Hannu a Dosiyen Kawu

Habiba, Sa'idu, Nura, na san abin da ake faɗa a dangi game da ni da Kawu Alhaji Hamadu, Allah ya jiƙansa. Ana cewa ni na karya shi, wai na bi ta bayansa na kai ƙararsa Yawunde don in yi suna. Ban ga laifin masu faɗa ba, yawancinsu suna yara lokacin, abin da suka ji a tsakar gida shi suka riƙe. Amma ni da ni aka yi, kuma yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni wuri ɗaya, na samu sukunin in faɗa muku yadda abin ya kasance.

Kun san kakanku mahauci ne a nan Garwa, a mayanka ya tashi, a nan ya tsufa. Kawu kuwa ƙanin Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin da na gama lise, wato sakandare, aka ba ni gurbin karatun kimiyyar sinadarai a Yawunde, abokan sana'ar Baba sun yi ta yi masa dariya, wai 'yar mahauci me za ta auna in ba tsoka ba. Har Baba ya fara sanyi. Kawu ne ya zo ya zauna da shi tun hantsi har azahar, bai tashi ba sai da ya ji an ce to. Shi ya ɗauke ni a motarsa zuwa Ngaundare, ya sa ni a jirgin ƙasa, ya tsaya a bakin taga yana cewa in je in karanto abin da su ba su sani ba. Ina so ku riƙe wannan kafin ku ji sauran, don ku san wane ne mutumin da na saɓa wa.

Na yi shekaru a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, na gwamnati, na ƙaro karatu a waje, daga baya na ajiye aikin na dawo gida na buɗe ƙaramin ofis kusa da babbar kasuwa. Aikina auna haɗari ne. Duk maganin ƙwari guba ne, in ba guba ba ne ba zai kashe tsutsa ba. Abin tambaya shi ne wa zai taɓa shi, ta wace hanya zai shiga jikinsa, kuma ina ragowar za ta nufa bayan an gama feshi. Na taɓa yi wa Baba bayani, ya ce ai ya gane, wuƙarsa ma haka take, a hannunsa sana'a ce, a hannun mai rarrafe masifa. Kafin a sayar da sabon magani a ƙasar nan sai hukumar da muke ce wa komisiyo ta ba da izini, ita kuma ba ta bayarwa sai an kai mata dosiye, wato tarin takardun bincike, da sa hannun masani irina. Masu shigo da kaya su suke ɗaukata aiki, su suke biyana, amma hannun da zan sa na jama'a ne. A nan wahalar sana'ar take.

A shekarar da nake ba ku labari, Kawu ya riga ya zama babban ɗan kasuwa. Yana sayar da taki da iri da maganin feshi, yana da shaguna a Garwa da Ngong da Tuboro. Wani kamfani na ƙasar waje ya ba shi wakilcin sabon maganin tsutsar auduga, shi kaɗai a duk arewa. An ba shi izinin gwaji a wasu gonaki wajen Tuboro, kuma doka ta ce sai an rubuta sunan masanin da zai sa ido ya kawo rahoto. Sunana ya rubuta. Ya shigo ofishina da yaron shagonsa ɗauke da dosiyen a kwali.

"Maimuna, ga aikin gida ya same ki," in ji shi. "Turawan sun gama komai, hannunki kawai ake jira."

Na ce, "Kawu, sai na karanta, sai kuma na je gonakin na gani da idona."

"Karanta mana! Ai don haka na kai ki jirgi." Ya yi dariya, ya sha ruwan sanyi, ya tafi.

Gaskiya ɗaya ce, maganin yana aiki. Gonakin gwajin sun yi fari fat, na maƙwabta kuwa tsutsa ta cinye rabi. Kawu ba mayaudari ba ne, abin da ya gani kenan ya ba da gaskiya. Sai dai binciken da ke cikin dosiyen a ƙasar sanyi aka yi shi, inda mai feshi ke zaune cikin tarakta a bayan gilashi, kuma in an cire amfani ba dabbar da ke shiga gonar. Da damina na tafi Tuboro. A gona ta farko na tarar da wani manomi, Jan-Pol, mutumin duwatsun Mokolo da ya yi ƙaura can neman ƙasar noma. Yana feshi da singileti da silifa, iska na mayar masa da maganin a fuska. Rigar roba mai hula da kamfanin ya raba tana rataye a reshen mangwaro. Na tambaye shi dalili.

"Madam, in na sa wannan da rana tsaka, kafin maganin ya kashe ni rigar ta riga shi," in ji shi.

Ban yi masa faɗa ba, don ni kaina gumi ya jiƙa mini mayafi ina tsaye kawai. Na koma da kaka bayan an cire auduga, a nan na ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Shanun Fulani sun cika gonakin suna cin ganye da ragowar ƙwallon audugar. Tsohuwar yarjejeniya ce tsakaninsu da manoma, shanu su ci, su bar taki. Matar Arɗo Buba, Dija, ta tarbe ni da jaɓɓama, wato marabar Fulani, ta kawo mini nono a ƙwarya mai faifai. Na karɓa na sha, don ba a mayar da ƙwaryar mai masauki, amma idona yana kan shanun, zuciyata kuma tana kan wani layi da na karanta a dosiyen, cewa sinadarin yana narkewa a mai, ba ya narkewa a ruwa. Abin da ke son mai kuwa, in ya shiga jikin dabba kitse yake nema, da nono. Na roƙi Dija ta ɗibar mini nonon shanu daban-daban a 'yan kwalabe. Da na dawo Garwa na roƙi Baba ya sa dillalai su nuna masa duk saniyar da aka kawo daga wannan garke. Bai tambaye ni dalili ba. Duk wadda aka yanka, da hannunsa yake yanko mini kitsen ƙoda. Na shirya su a akwatin ƙanƙara na bi jirgi da su zuwa labo a Yawunde.

Sakamakon ya fito, maganin yana cikin nonon, yana cikin kitsen, kuma ya haura abin da jikin mutum zai ɗauka lafiya. Ba irin gubar da ke kayar da mutum nan take ba ce. Taruwa take yi a hankali, mai shayarwa ta ba jaririnta ba ta sani ba. Na yi fatan kuskure ne, na aika ragowar wani labo dabam. Amsa ɗaya ta dawo.

To, ga abin da nake so ku ji da kyau. Kafin kowa ya ga wannan sakamako, kafin ma babanku, Kawu na fara kai wa. Na same shi a shagonsa bayan azahar, na roƙi a ba mu wuri. Na yi masa bayani dalla-dalla, na ce ba zan iya sa hannu ba. Sai ya ce ba komai, in cire sunana, akwai wani masani a Duwala da zai sa. Na ce yana da ikon kai dosiyensa inda ya so, amma sunana yana kan izinin gwaji, dole in kai wa komisiyo rahoton abin da na gani. Na ce na zo ne tun da wuri don ya gaya wa kamfanin su janye da kansu, ni kuma in taya shi neman wani maganin da ba ya zama a kitse, ba sai ya biya ni ba. Ashe ya riga ya gina sito, ya yi wa manyan manoma alkawari, ya faɗa a gaban abokan kasuwancinsa cewa 'yarsa ce doktora mai sa hannu.

"Ni na ɗauke ki a motata na kai ki," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ashe wuƙa na kai a wasa mini."

Na ce, "Kawu, abin da ka aike ni in karanto, shi ne na kawo maka."

"Tashi ki tafi, Maimuna."

Washegari Inna ta aiko a kira ni. Na same ta a tsakar gida tana tsinke zogale, ba ta amsa gaisuwata da kyau ba. Baba yana zaune a kan buzunsa daga gefe.

"Ɗan'uwana ɗaya ya rage mini a duniya," in ji Inna. "Ban ce ki yi ƙarya ba, Allah ya kiyaye. Shiru kawai na ce ki yi. Shiru ma laifi ne?"

"Inna, irin wannan shirun laifi ne."

"Ke kaɗai ce mai ilimi a ƙasar? Turawan da suka yi maganin ba su kai ki sani ba?"

"Sun fi ni sanin maganin, Inna. Na fi su sanin Tuboro."

Ta ture faifan zogalen ta shige ɗaki. Na zauna ina kuka, ga cikinka, Nura, ya fara nauyi. Baba ya bar ni na yi mai isata, sannan ya yi magana.

"Kawunki ne, waccan kuma uwarki ce, ba zan ce miki yi ko bari ba. Abu ɗaya dai ya tsaya mini a rai. Shanun nan da na yanko miki kitsensu, ragowar naman sayar da shi na yi. Mutanen da suka yarda da ni tun ina saurayi su suka saya. Har gidan nan an dafa."

Da na koma gida na gaya wa babanku komai, har da tsoron da nake yi cewa in na kai rahoton babu ɗan kasuwar da zai sake taka ofishina. Yana gyaran takardun ɗalibansa, ya ajiye biro ya ce in ofis ya mutu albashin lise zai riƙe mu, tuwo da miyar kuka ba su taɓa kashe kowa ba. A makon nan na rubuta rahoton, na aika wa Kawu kwafi kafin in aika Yawunde. An dawo mini da nasa ba a buɗe ba.

Komisiyo ta kira zama. Kamfanin ya turo masaninsa daga waje, dattijo mai natsuwa, ga masanin Duwala a gefensa, Kawu kuma yana kujerar baya da babbar riga, bai dubi inda nake ba. Dattijon ya yi magana mai kyau cikin Faransanci mai santsi. Bai musanta sakamakona ba. Cewa ya yi laifin na masu amfani ne, don a jikin kwalbar an rubuta a sa rigar kariya, an kuma rubuta kada dabba ta shiga gonar sai bayan wani lokaci mai tsawo. In an bi umarni, in ji shi, babu haɗari. Na ga wasu 'yan komisiyo suna gyaɗa kai.

Da aka ba ni dama, na buɗe jakata na fito da rigar roba irin wadda aka raba wa manoma, da hularta da safar hannu da abin rufe hanci. Na roƙi shugaban zaman ya yarda wani ya sa ta, ya zauna kawai har in gama bayanina. Aka yi 'yar dariya. Wani likita daga ma'aikatar lafiya, mutumin kudu mai barkwanci, ya ce shi zai sa. Na fara bayani a hankali. Na faɗi yadda ake feshi a Tuboro, na faɗi yadda ake wanke bidon maganin, wato jarkarsa, a zuba man gyaɗa ko ruwan sha. Na ce rubutun jikin kwalba da Faransanci yake, mai feshin kuwa da Fulfulde ko yaren dutsensu yake lissafin duniyarsa. Na ce ko mun karanta wa manomi, wa zai karanta wa saniya, tunda gonakinmu ba su da shinge, makiyayi kuma ya taho daga nesa bai san wace gona aka fesa ba? Ban kai rabi ba likitan ya miƙe ya fizge hular, gumi na zuba daga haɓarsa, rigarsa ta ciki ta manne masa a jiki.

"Ku yi haƙuri, ba zan iya ba," in ji shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan a Yawunde ne, a inuwa, ga fanka, kana zaune. Shi Jan-Pol a tsaye yake, da rana, da tanki a bayansa. Umarnin da ba mai iya bi ba kariya ba ne. Aikinmu mu auna haɗari ga mutanen da ke akwai, ba ga waɗanda muke fata a ce akwai ba."

Shugaban ya tambayi dattijon ko kamfaninsu ya taɓa gwada maganin a inda shanu ke kiwo a gona bayan girbi. Mutumin kirki ne, ya ce a'a, ba su taɓa ba. Da la'asar aka karanta hukunci: an hana izini. Na tattara takarduna na fito. Likitan ya biyo ni har bakin matakala ya ce, "Madam, yau kin koya mana aiki." Na waiga ina neman Kawu, motarsa ta riga ta fita.

Ba zan ɓoye muku abin da ya biyo baya ba. Kamfanin ya janye wakilcin, siton Kawu ya zauna fanko, ya rufe shagon Tuboro. Bai karye ba kamar yadda ake faɗa, taki da iri sun riƙe shi, amma ya ji jiki, kuma ya ji kunya, wadda ta fi masa ciwo. Bai zo sunanka ba, Nura. In mun haɗu a gidan rasuwa na durƙusa na gaishe shi, sai ya amsa wa bango. Inna ta daɗe tana amsa mini magana da kalma ɗaya. Ofishina kuwa ya zama kamar an yi masa turaren kora, 'yan kasuwa suna tsallaka titi in sun hango ni. Mun ci tuwo da miyar kukar da babanku ya yi alkawari, har kuka gaji kuna tambaya yaushe za a yi shinkafa.

Sai dai Allah ba ya barin gaskiya a rana. Bayan damina ta zagayo, komisiyo da kanta ta neme ni. Suka ce in zauna da su mu tsara sabuwar ƙa'ida: duk maganin da za a fesa a arewa sai an gwada shi yadda mutanen arewa ke feshi, sai an duba nono da kitsen dabbobin da ke kiwo a wurin, kuma a sa gargaɗi da zane a jikin kwalba don wanda bai yi lakol ba, wato boko, ya gane. Ni na rubuta daftarin farko a kan teburin cin abincinmu, Sa'idu yana jan mini bakin zani. Daga nan maƙwabtan ƙasashe suka fara gayyata ta in horar da ma'aikatansu. Kamfanonin da suka guje ni suka dawo ɗaya bayan ɗaya, don sun lura dosiyen da ke ɗauke da hannuna ba ya daɗewa a komisiyo, an san ba na sa shi a banza. Shi kuwa wancan maganin, daga baya har a ƙasar da aka ƙera shi an daina sayar da shi. Ranar da na ji labarin ban yi guɗa ba, amma na yi nafila, na tuna da Dija da ƙwaryarta, da 'ya'yan da ta shayar lafiya ba ta ma san an yi wani zama a Yawunde ba. Yau akwai matasa masu wannan aiki daga Marwa har Ngaundare da suka bi ta hannuna, kusan rabinsu mata, biyu daga cikinsu 'ya'yan mahauta.

Nura yana aji na farko lokacin da masu sayar da maganin feshi na Garwa suka kira taro don nuna fushinsu da sabuwar ƙa'idar. Hukuma ta tura ni in yi musu bayani. Zauren ya cika, ana hayaniya, wani daga baya ya ɗaga murya ya ce wadda ba ta bar kawunta ba, su za ta bari? Aka kwashe da dariya mai zafi. Sai na ga mutum ya miƙe a sahun gaba yana dogara sanda, furfura ta cika masa gemu. Ban ma san Kawu yana wurin ba. Ya juya ya fuskanci jama'a, ya jira har aka yi shiru.

"Ni ne kawun da ake magana," in ji shi. "Ba wanda ya yi asarar da na yi a ɗakin nan, saboda haka ba wanda zai riga ni magana. Yarinyar nan ta zo ta same ni ni kaɗai kafin ta gaya wa kowa, ta ba ni hanyar fita, na ƙi. Da ta sa hannun nan, da yau ni ake nunawa a kasuwa ana cewa ga wanda ya zuba guba a nonon Fulani. Jikokina ma nonon suke sha. 'Yata ce, ita ta kayar da ni, kuma da gaskiyarta. Ku zauna ku saurare ta."

Suka zauna. Na yi bayanina, aka yi tambayoyi, aka watse lafiya. Da na fito na tarar da shi a jikin motarsa, direba ya buɗe ƙofa. Na durƙusa har ƙasa na gaishe shi, wannan karon ya dube ni ya amsa.

"Kada ki ɗauka na huce," ya ce. "Har yanzu in na wuce siton nan ina jin haushinki."

"Na sani, Kawu."

"To, tashi ki shiga. Gidan innarki za mu, ta ganmu tare tun tana da sauran gani."